Billen Mahauci

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma a zamanina na fi likita gyara mutum. Shi sai ya yanka ka. Ni fensir kawai nake ferewa.

A bakin kasuwar Taminus na koyi hoto, wurin wani oga mai faɗa da ya sa na gauraya ruwan wanke hoto har farcena ya yi baƙi. Darasi ɗaya ya ba ni wanda ya ci sunansa darasi: ba mai zuwa wurin mai hoto don ya ga kansa, kowa wani mutum daban yake so a miƙo masa. Da na buɗe shagona sai na tanadi kayan aiki: kwat ɗaya, nakataye ɗaya, agogon hannu da bai taɓa motsi ba, tarho marar waya, da labule mai zanen jirgin sama. Tela ya shiga kwat ɗin nan, makiyayi ya shiga, fasto ma ya shiga. Ban san wata riga da ta haɗa kan Jos kamarta ba, kuma ban cika wanke ta ba.

Sauran aikin a ɗakin duhu yake. In ka ɗora fim a kan gilashi mai haske, sai ka bi tabon fuska da bakin fensir a hankali har ya cike. In aka wanke hoto, fata ta fito sumul. Ƙuraje, tamoji, tsagar gado, duk na share su. Masu tsagar da kansu suke roƙo.

Haka wani mahauci daga Abatuwa ya shigo mini wata rana, saurayi dogo, ƙamshin kitse na binsa. Aure zai yi. Yana da bille, tsaga ɗaya daga gefen hanci ta gangaro kumatu.

"Oga, a cire min wannan," in ji shi.

Na ce, "Wanzami ya sha aiki, kai ka sha kuka, ni kuma in goge a banza?"

"Goge kawai. So nake in fito kamar ma'aikacin banki."

Ya fito kuwa. Tarho a kunne, jirgi a bayansa, fuska kamar ta jariri. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya tafi da nasa. Ni kuma na wanke wani na manna a allon da nake jinginewa a ƙofa don jan masu wucewa.

Sai garin ya rikice. Ba zan tsaya ba da labari ba, wanda ya gani ya gani. Bayan nan kasuwa ta ƙone, akwatunan fim ɗina duka suka tafi. Allon kaɗai ya tsira, don na kai shi gida gyaran ƙafa. Na koma wani ɗan lungu a Dilimi na jingine shi a bakin ƙofa. Da can mutane suna tsayawa gabansa su yi dariya. Yanzu sai su tsaya shiru suna bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in yi kamar ina goge kyamara.

Wata mata ta zo da goyon jaririya. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗora yatsa a kan mahaucin.

"Malam, wannan mijina ne. Amma ba shi ba ne."

Ta ce ranar rikici ya fita aiki bai dawo ba, ba a ga ko takalminsa ba. An ƙona gidansu da hoton da ke ciki. Yarinyar kuma bayansa aka haife ta.

"Ba na so ta tashi tana kiran wannan baba," ta ce. "Shi bai taɓa riƙe tarho ba. Kwat ɗin ka bar shi, ba komai. Amma ka mayar masa da billensa."

Na ce mata wannan ƙaramin aiki ne a wurin babban injiniya irina. Ba ta yi dariya ba. Na ciro hoton daga allon, na ɗauko siririn burushi da tawada, na ce, "To, baiwar Allah, dama ko hagu?"

Ta lumshe ido, ta ɗaga hannu kamar mai shafa fuskar wanda ke tsaye gabanta. Hannun ya je wannan gefe, ya dawo wancan.

"Kai da ka goge, ba ka tuna ba?"

Na goge bille ya fi gashin kaina yawa, kuma a fim dama hagu ce, hagu dama. Na gaya mata gaskiya ban sani ba. Ta ce za ta tambayi abokan aikinsa. Ta je ta dawo: wasu sun ce dama, wasu hagu, waɗanda suka fi saninsa kuma tare suka ɓata. A ƙarshe ta zaɓi hagu. Na ja layin tana cewa in ƙara tsawo, in rage kauri. Da na gama ta ce, "Ya yi." Ba ta ƙara kallonsa ba ta sa a cikin mayafi.

Yanzu kowa mai hoto ne, tunda kowa na da waya. Ni na koma hoton fasfo, ina ɗaukar mutane ba murmushi, wanda ya fi dacewa da garin. Bara wata budurwa doguwa ta yi sallama. Na ce, "Amaryata, sai yau kika tuna da tsohon mijinki?"

Ta ɗan murmusa, ta zaro hoton mahaucin nan daga jaka. Tawadata ta koɗe ta yi ja.

"Baba, Mama ta rasu. Tana jinya tana ta cewa ita fa tana ganin dama ne. Ta ce in zo in sake tambayarka, ko ka tuna."

Na sa tabarau na dubi hoton, na dubi yarinyar. Goshinsa ne, hancinsa ne, sai dai kumatunta ba tsaga, don an daina yi. Na so in zaɓar mata gefe ɗaya ta huta. Bakina ya ƙi.

Sai na ɗauki hoton da na'ura, na juya shi, na buga guda biyu. A ɗaya billen yana hagu, a ɗaya yana dama, agogon ma ya sauya hannu. Na jera mata su a kan tebur.

"'Yata, ɗaya daga cikin waɗannan babanki ne. Iyakar ilimina ke nan."

Ta daɗe tana duban wannan, tana duban wancan. Sannan ta haɗa su fuska da fuska ta sa a jaka.

"Kwat ɗin fa, nasa ne?"

Na ce, "A'a. Nawa ne."