Baba Tsurumaki, Mai Roƙon Ƙanƙarar Rufi

Kowace safiya, kafin motar makaranta ta fito, Baba Tsurumaki yana cikin dajin bayan garinmu, nan arewacin tsibirin Hokkaido a ƙasar Japan. Zai cire safar hannu, ya damƙi ƙanƙara ya murza, sannan ya tayar da injin da yake daɓe hanyar ƙanƙarar da yaranmu ke tseren zamiya a kai, da katako ɗaure a ƙafa. Har yau ina mamakin abin da yatsun nan ke gaya masa.

Bana hunturu ya zo a raunane. Ƙanƙarar da ta saba kai mana ƙugu, ko idon sawu ba ta rufe ba. Aka fara zancen soke tseren zaɓen 'yan wasan gunduma. 'Yata Chinatsu kuwa shekararta ta ƙarshe ke nan a sakandare. In an soke, shi ke nan ta rasa.

Sai Baba ya ajiye babban injin, ya ce da nauyinsa laka kawai zai tono. Ya loda fankon akwatunan kifi a ƙaramar motarsa, ya shiga gari gida-gida.

Iya Fumie mai shagon taliya ta ce ta leƙo ta tarar da shi ya ƙura wa rufinta ido.

"Tsoho, rufin kake so ko mai rufin?"

"Mai rufin ta fi ƙarfina. Abin da ke bisa nake roƙo."

"Ga ƙanƙara nan tuli a bakin titi, kwasa mana!"

"Wannan duk gishiri ne da tsakuwar da ake barbaɗa wa titi. So kike ta cinye wa yara katakon zamiya?"

Ashe ta rufi ce kaɗai mai tsabta. Ranar Lahadi na bi shi don in ga yadda yake yi. A kwanar gangare yake zazzage ta, inda rana ta fi lasa, ya ja tsohuwar tabarma a kai har ta kwanta.

"Baba, za ta riƙe kuwa?"

"Uban 'ya, tun ɗazu kake tattake min aiki. Ko ka koma gefe, ko ka kama shebur."

Na kama shebur.

An yi tseren. Chinatsu ta sha kwanar ba ta ko karkace ba, ta zo ta uku, ta samu gurbi. Baba bai gani ba. Yana can durƙushe, kowane rukuni ya wuce sai ya cike inda suka kankare.

Kai ne ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, Baba. Kai ne mai gyara hanyar da wasu za su yi suna a kanta. Yanzu ka ce gwiwoyi sun ƙi, bana ce ta ƙarshe. Mun gode, madalla da kai.

Ku kuma samari, ya ce duk mai son koyo ya same shi a bakin daji da safe. Ku hanzarta, tun yana iya durƙusawa ya nuna muku.