Kunnen Mama Sai-Kuma

Kafin mai shara ya gama da barandar cibiyar bincike, ta riga ta iso. Jaka a kafaɗa, takalmi maras tsini wanda ya sha yawo, da 'yar rakodarta da take gwadawa kullum safe da gaisuwa kamar mutum: "Ina kwana, kin tashi lafiya?" Sai ta kunna ta saurari muryar kanta, ta canza batir ko da na jiya bai mutu ba, ta kurɓe shayinta a tsaye, sannan ta ƙwanƙwasa gilashin mota ta ce, "Malam direba, mu je, mutane ba za su jira mu ba." Haka take tun gashinta yana baƙi wuluk. A wannan watan za ta ajiye aiki, kuma so take ta sulale salin-alin babu wanda ya ce uffan. To, ta yi haƙuri. Ta shekara da shekaru tana sa mutane magana, yau ita za ta zauna a yi maganarta.

Yawancin mutane in an ce bincike, takardar tambayoyi suke tunawa, wadda ake ce maka zaɓi e ko a'a. Ba su san cewa kafin a rubuta waccan takarda sai an fara gano abin da ya kamata a tambaya ba. Wanda ke zaune a ofis bai san shi ba, komai karatunsa, domin ba shi ne abin ya dama ba. Dole sai wani ya fara fita hannu rabbana, ya zauna da mutanen, ya bar su su kai shi inda bai yi zato ba. Wannan ita ake kira hirar share fage, kuma ita ce sana'arta. Tambaya ɗaya tak take fita da ita daga ofis. Sauran duk a bakin mai amsa take tsintarsu. Mutum zai yi zaton ya gama, ya fara kakkaɓe riga, sai ta ɗan karkata kai ta ce, "Sai kuma?" Nan ne zai koma ya zauna ya faɗi abin da ya zo da niyyar ɓoyewa. Daga nan ta samu sunanta, Mama Sai-Kuma, har ma'aikatan da suka zo daga baya ba su san tana da wani ba.

Babu fagen da ba ta taka ba. Ta zauna da direbobin bas a tasha har sabbin fasinjoji suna tambayarta wace mota ce ke lodi. Ta zauna da manoma a bakin gona har wani ya yi mata tayin akuya. Wani likita kuwa da kansa ya roƙi a aiko masa da ita, ya ce masu hawan jini suna barin shan magani, kuma akwai abin da ba sa faɗa masa saboda farar rigarsa. Direba ya ce ranar sai da ya yi barci ya farka tana nan kan benci da wata tsohuwa, ana labarin ciwon gwiwa da rashin kunyar 'ya'yan zamani. Can da aka nisa tsohuwar ta sassauta murya ta ce, "'Yar nan, ƙwayar nan fitsari take sa mutum. Ranar da zan hau mota zuwa kasuwa, ina zan tsaya?" Shi ke nan. Ba mantuwa ba ce, ba taurin kai ba ne, kunya ce da doguwar hanya. Likitan ya yi godiya, ya sake wa masu fita lokacin shan maganin.

Ƙa'idoji biyu gare ta, kuma duk wanda ta koya wa aiki ya haddace su ko yana so ko ba ya so. Ta farko, kada ka kawo labarin kanka cikin hira, ba kai aka zo ji ba. Ta biyu, kada ka ce wa mutum ya maimaita. "Maganar farko daga ciki take fitowa," in ji ta. "In ka ce a sake, sai an yi mata wanka an sa mata kaya kafin a miƙo maka." Takan ƙara da cewa abin da ya fi nauyi ba a ɗaga masa murya, ƙasa-ƙasa ake faɗarsa, sau da yawa ma ana kallon gefe.

Sai ga shi Allah ya jarraba ta ta nan ɗin. Babbar 'yarta ce ta fara lura, da ta ga talabijin ɗin gidan ya koma jin maƙwabta. Aka je asibiti, likitan kunne ya ce na hagu ya yi nisa, na dama ma ya kama hanya. Ya ba ta 'yar na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a bayan kunne, ya kuma gargaɗe ta da wuraren ƙara. Ta karɓa ta yi godiya, ta nannaɗe na'urar a hankici ta jefa can ƙasan jaka.

"Mama, don Allah me ya sa ba kya sa ta?" in ji 'yar.

"Da sun gan ta a kunnena za su fara ɗaga murya. Wa kika taɓa ji ya faɗi abin da ke cin ransa da ihu?"

Ta yi gaskiya, amma gaskiyar ba ta warkar da kunne. Ita ta fi kowa sanin abin da ke tafe. Mai cika takarda zai iya aiki da rabin ji. Ita kuwa, tambayarta ta gaba daga amsar da ta wuce take fitowa. In ba ta ji amsa ba, ba ta da tambaya, in ba ta da tambaya kuwa, ta zama kujera kawai a ɗakin. Rakoda za ta ɗauki magana, amma rakoda ba ta cewa "Sai kuma?" Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, kada ta gama aikin rayuwarta tana gyaɗa wa mutane kai alhali ba ta jin su.

Ana cikin haka wani aiki ya shigo daga wata masana'antar yankan katako. An raba wa ma'aikata marufin kunne, irin mai kama da kofi biyu da ake kifawa, sun ƙi sawa, ga shi kunnuwansu suna mutuwa. Mai masana'antar ya gaji, ya ce in ba a gano dalili ba zai sallami duk wanda ya ƙi. Shugaban cibiyar, mutumin kirki wanda ita ta koya masa riƙe rakoda, ya kira ta ofishinsa yana ta kame-kame.

"Mama, wannan karon ki huta. Wurin ƙara ne. Ki zauna nan ki duba mana abin da za a kawo."

"Ranka ya daɗe, me kuke zaton yana hana su?"

"Wataƙila zafi, ko nauyi. Ko dai sakaci."

"To, in ka riga ka sani, me za a je nema? Ka ba ni mota."

'Yar ta fi shi zafi. "Mama, so kike ki ƙarasa ɗan abin da ya rage? Jikokinki fa? Ba kya son jin muryarsu?" Wannan ta soke ta. Sannan ta ce za ta sa marufin kunnen duk lokacin da za ta ratsa ta gaban injin, ta yi alkawari, amma zuwa kam sai ta je. Mutane za su rasa abincinsu a kan dalilin da babu wanda ya tambaye su.

Wurin kuwa ba a cewa komai. Dusar katako har cikin gashin ido, ƙarar zarto har cikin haƙori, kowa yana magana da ihu da hannu. Marufan kunnen suna rataye reras a jikin ƙusoshi, sababbi fil, gizo-gizo ya fara yi musu ado. Aka ba ta wani ɗan ɗakin ajiya a baya, mai benci ɗaya da ƙofar da ba ta rufuwa sosai. Ma'aikata suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da amsarsa a shirye kamar sun haɗa baki: zafi ne, ƙaiƙayi ne. Ta san amsar baƙo ce suke ba ta, ta karɓa ba ta musa ba, ta koma washegari, ta sake komawa.

Daga ƙarshe babbansu ya shigo, dattijo mai faffaɗar kafaɗa da suke kira Sarkin Zarto. Ba ta tambaye shi marufi ba. Ta ce ya ba ta labarin injin. Nan fuskarsa ta saki. Ya ce zarto yana da murya, kukansa a busasshen katako daban, a ɗanye daban, in ya ci karo da ƙusa daban. Ta ce, "Sai kuma?" Ya buɗe baki zai ci gaba, sai wani mutum ya wuce ta bakin ƙofar yana shara, tsintsiya a hannu ɗaya, ɗayan hannun rigar a naɗe an soke shi da fil. Sarkin Zarto ya kau da kai zuwa bango, ya sauke murya.

Ta ga muƙamuƙinsa yana motsi. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Ta san ita ce maganar da ta zo nema, ta san ta da ganin wuyansa. Da ta ga dama da ta gyaɗa kai, ta ce "Allah sarki," ta bar wa rakoda, a ofis wani ya saurara ya rubuta. Babu wanda zai sani. Amma mutumin nan zai gama, ya juyo ya dube ta yana jiran abin da za ta ce, ita kuma ba ta da komai a hannu. Wannan cin amana ne, kuma ba ta taɓa yi ba. Ta zura hannu a jaka, ta warware hankicin a kan gwiwarta, ta karya ƙa'idojinta biyu a numfashi ɗaya.

"Malam, ka gafarce ni. Ban ji ba. Kunnena ya fara tafiya, ɓoyewa nake yi."

Ya juyo ya dubi na'urar, ya dube ta. Can ya ce, "Wanne ne, Yaya?"

"Na hagu."

"Ni na dama." Ya miƙe yana murmushi. "Ai mun zauna ba daidai ba. Matattun muka haɗa. Taso ki dawo nan."

Suka yi musayar wuri a kan bencin kamar yara a aji, ta maƙala na'urar a kunne a gabansa. Abin da ta ji tsoro bai faru ba. Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi wa maganar wanka ba. Ya matso, ya faɗe ta ƙasa-ƙasa yadda take.

"Mai sharar nan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarun baya an taɓa kawo mana marufin nan, muka sa gaba ɗayanmu. Zarto kafin ya tsinke yakan canza kuka, duk wanda ya ji sai ya kashe inji. Ranar ya yi kukansa, babu wanda ya ji. Shi ne a kusa, a nan ya rasa hannu." Ya share fuska da tafin hannu. "Tun ranar muka rataye su. Ba mu yi taro ba, ba mu yi shawara ba. Kuma ba ma zancen, don kada ya ji ya ɗauka shi ne sanadin kurumcewarmu."

"Sai kuma?" ta ce.

"Sai kuma yanzu ni ma na fara daina jin kukan zarton, Yaya. Shi ne abin da ke hana ni sukuni. In na kurumce, wa zai ji musu?"

Da izininsa ta kai maganar, ba tare da ta ambaci kowa ba. Shugaban cibiya ya ajiye tambayoyin zafi da ƙaiƙayi gefe, aka rubuta sababbi, aka zaga da su sauran wuraren yankan katako, aka tarar ashe tsoron ɗaya ne ko'ina. Injiniyoyi suka zauna da Sarkin Zarto, suka sa wa injin abin da ke jin rawar zarto ya kunna jar fitila ya tsayar da shi. Mai masana'antar bai sallami kowa ba. Marufan suka sauko daga ƙusoshi, ba rana ɗaya ba, amma sun sauko.

Mama, ke ce wannan. Ke ce mai zama a benci har ƙafa ta yi sanyi don maganar da ba a riga an faɗa ba. Ke ce wadda sunanki bai taɓa hawa bangon rahoto ba, alhali babu shafin da ba daga kunnenki ya fara ba. Kin ba mu haushi da taurin kanki, kin sa mun sake aikin da muka ɗauka mun gama, kuma ba mu da bakin gode miki. Allah ya saka da alheri, ya bar miki abin da ya rage na ji, ki sha surutun jikoki har ki ce ya isa. Ku kuma masu tasowa, a asibiti kuke ko a gona ko a makaranta, kada ku fita da amsa a aljihu kuna neman wanda zai sa muku hannu. Ku je ku zauna, ku yi shiru, in kuma ba ku ji ba ku ce ba ku ji ba.

Shekaranjiya aka yi mata 'yar walimar ban kwana a barandar nan, na'urarta a kunne a fili, ba ta ko ja mayafi ta rufe ba. Ana tsakiyar jawabai sai ga Sarkin Zarto da ƙanensa, marufi rataye a wuyan kowannensu. Ya zagaya ta damanta da kansa, ya durƙusa, ya ce, "To, Yaya, an gama aiki. Sai kuma?"

Ta nuna masa sababbin ma'aikata da ke tsaye a jikin bango, kowa da rakoda a hannu. Ta ce, "Waɗannan har yanzu katse mutane suke yi. Ranar Litinin zan leƙo."