Faifan Bakin Tulu

Ubana maroƙi ne. Na fara da wannan ne don in huta, domin na shafe shekara arba'in da wani abu ana koya mini in ce manomi ne. Ya yi noma, ba ƙarya ba ne, amma wa ye bai yi noma ba a Kurfi? Sana'arsa amshi. Yana cikin mutum huɗu da ke tsayawa bayan wani makaɗi suna karɓa masa waƙa, kuma sau ɗaya a rayuwarsa aka kai su birni aka ɗauki muryarsu a faifai. Ya rasu ina da shekara uku, don haka ban san muryarsa ba.

Yayana, wanda ya ba ni shekara goma sha biyu, shi ya riƙe gidan. Ya yi fataucin hatsi, Allah ya buɗa masa, ya je Makka. Bai yi sati da dawowa ba ya shigo cikin gida ya ce wa Goggo, ƙanwar Baba da ta raine mu, ta fito masa da duk faya-fayan da Baba ya bari. Kowa ya san wuta zai sa musu. Goggo ta shiga ɗaki, ta jima, ta fito da faya-fayan kaba guda biyar ta jera a gabansa.

"Ga su nan, ɗana. Wanga na ruhe hura ne, wanga na bakace ne."

"Goggo, ba waɗanga nike nuhi ba."

"To ni dai su na sani da faifai," in ji ta, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ya bincike ɗakin bai samu komai ba sai tsohon garmaho a ƙarƙashin gado, hannunsa mai riƙe allura a karye. Ya ga ba ya ko motsi, ya tura shi da ƙafa ya fita. Baƙin faifan kuwa yana bakin tulun da ke kusurwar ɗakin, an ɗora na kaba a kansa. Ya sha wucewa ta gefensa.

Ni ban san wannan ba sai shekarun baya kaɗan, da tsufa ya kama Goggo. Ta kira ni daga Dutsin-Ma, inda nake koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ta ɗaga faifan kabar ta miƙo mini na ƙasan. Ƙarami ne, takardar tsakiyarsa ta goge. Ta ce, "Ubanki na nan ciki. In kina iya hiddo shi, ki hiddo shi." Na rungumo garmahon a cinya cikin bas har gida, kwandasta yana ta ƙorafin na ci wurin mutum biyu.

Na fara kai shi wurin mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya jona shi da wuta, abin ya yi gurnani, farantin da ake ɗora faifai a kai ya yi rabin juyi ya tsaya. Ya ce, "Malama, wanga ai sai 'yan gwangwan." Da na nace, sai ya ce zai ɗaure hannun da waya, in allurar ta riƙa tsalle a ɗora mata kwabo a ka, haka iyayenmu ke yi. Har ya miƙo hannu zai karɓi faifan ya gwada. Na maƙale shi a ƙirji. Na san haka iyayenmu ke yi, kuma haka suka cinye faya-fayansu, domin allurar da aka danne huɗa take yi kamar garma, kowane zagaye sai ta kankare wani abu. Ni kuwa guda ɗaya gare ni a duniya. Na ce masa ya maida mini sukurorin da ya kwance, na gode.

A kan teburin da nake duba jarrabawa na buɗe garmahon. Da na cire farantin sai na ga ba bel ke jan sa ba. Wata 'yar taya ce ta roba ke shiga tsakanin sandar injin da cikin bakin farantin, injin ya juya ta, ita ta juya shi. Robar ta bushe ta yi tauri, gefe ɗaya ya lotsa inda ta jingina shekara da shekaru. Girishin injin ya daskare ya koma kamar ƙaro. Na wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na ɗiga man keken ɗinki, sandar ta fara juyawa shiru. Tayar ce ta ba ni wahala. Na zaga wurin masu facin taya, na zaga wurin masu injin ban ruwa, kowa ya juya ta a hannu ya yi dariya. A ƙarshe wurin wani tsoho mai gyaran keken ɗinki na dace. Ya kankare tsohuwar robar, ya zaɓo zoben roba mai kauri ya ɗana a kan ƙarfen, ya goge shi da sanfefa har ya yi sumul. Shi kaɗai ne bai tambaye ni abin da mace za ta yi da garmaho ba.

Na yi alama da alli a bakin farantin, na ajiye agogo, na ƙirga. Sau arba'in da biyar ya kamata ya zagayo a minti ɗaya. Ranar farko arba'in da uku na samu. Na sake kwancewa na ƙara gogewa, kwana uku ina yi, sai da ya cika.

Sabon hannun daga Legas aka aiko mini da shi, direba ya kawo tasha cikin kwali. Siriri ne, da ɗan dunƙulen ƙarfe a bayansa na daidaita nauyi, da takarda mai nuna tazarar da za a bari tsakanin gindinsa da tsakiyar farantin. Kafintan da na kira ya duba katakon garmahon da ido ya ɗora tsinken hudawa, wai ai nan ne. Na riƙe masa hannu. Na ɗauko rula da kamfas na makaranta, na auna sau uku, na ɗiga ɗigo da biro. Tsakanin ɗigona da inda ya so hudawa bai kai faɗin farce ba. Ya ce wannan ai neman magana ne. Na ce eh, ita nake nema, ya huda a inda na ce. Wayoyi huɗu ne a cikin hannun, kowace kamar gashi, na liƙa su da dalma da kaina, na ƙone yatsa biyu. Sannan na murza dunƙulen har hannun ya tsaya a iska bai sama bai ƙasa, na aro ƙaramin sikelin ɗakin gwaji na sa wa allurar giram biyu cif.

Ana cikin haka Yaya ya kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu gama ba.

"An ce mani kina yawo da kayan roƙo cikin kasuwa."

"Kayan Baba ne, Yaya."

"Ke ba ki san abin da na sha ba kahin a daina kiranmu da sunan nan. Ɗiyanmu na aure gidajen mutunci. Mi kike so ki tono?"

Na ce ba sata Baba ya yi ba, waƙa ya yi, kuma da ita aka sayi hatsin da ya ci ya girma. Ya kashe wayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ko kaɗan ban ji na yi laifi ba.

Wata Asabar da hantsi aka kawo wuta. Na wanke faifan da ruwan sanyi, na bar shi ya bushe a inuwa, na jona lasifika, na sauke allurar. Aka yi ƙaras-ƙaras, sai ga kiɗa, sai ga makaɗin da murya garau. Sai 'yan amshi suka karɓa. Na matso, na kasa kunne. Muryoyi huɗu ne a cuɗe, kuma duk wata ukun da na yi ina aikin nan bai taɓa faɗo mini cewa ba zan gane wace ce tasa ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na takaici, ba na kewa ba. Ga shi a ɗakina, ina jin sa, amma ban san shi ba.

Washegari na ɗauki komai na koma Kurfi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jawo waya daga ɗakin Goggo, na kunna. Matan gida suka fito suka tsaya cirko-cirko. Goggo ta kai kunnenta jikin lasifikar, ta juya ɗayan, ta ɗora tafin hannunta. Ta girgiza kai. "Ina jin bugun, ɗiyata. Mutanen ne ba ni ji." Duk sa'o'in Baba sun rasu. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya gane muryar nan, Yaya, kuma yana zaure yana jin mu.

Na maida allurar farko, na murɗa ƙarar har ƙarshe.

Bai daɗe ba ya shigo, fuska a murtuke, carbi a hannu. Matan suka watse.

"Kashe abin nan."

"Ba ni kashewa."

"Cikin gidana kike."

"Cikin gidan Baba nike, Yaya. Kai ka ji muryarshi shekara goma sha biyar, ka ƙoshi, shi ya sa kake iya yar da ita. Ni ko sau ɗaya bai kira sunana na riƙe ba. Hwaɗa mani wane ne shi cikin huɗun nan, in kwashe kayana in tahi. In ba haka ba, wallahi duk Lahadi ina nan, kuma ƙohwar gida zan kai shi."

Ya san zan aikata. Ya dube ni, ya dubi Goggo, ita kuwa ta maida hankalinta kan goron da take ɓarawa. Amshin ya zagayo, ya wuce. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbin. Ya juya ya nufi zaure, ni kuma na riga na fid da rai. Ya kai bakin ƙofa amshin ya sake zagayowa, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Mai shigowa daga baya," ya ce. "Wanda ka jan ƙarshen baitin bayan sauran sun aje. Haka shike yi ko wurin kiran mu cin tuwo."

Ya fita. Na ɗaga hannun garmahon a hankali na maida allurar baya kaɗan. Uku suka karɓa tare, suka ajiye tare. Sai ga wata murya can ƙasa, mai ɗan kaushi, ta makara da ƙiris, tana jan kalmar ƙarshe ita kaɗai kamar ba ta son rabuwa da ita. Na sake maidawa. Na ce, "Sannu, Baba."

Yaya bai yi mini magana ba har yau, sai gaisuwar Sallah ta bakin matarsa. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba. Ranar Litinin da na shiga aji, darasin sauti ne, na fara da gaya wa ɗalibaina ko 'yar wa ce ke koyar da su.