Roshan ɗin Kakata

Jiya a wani gidan shayi a unguwar Bagdadiyya na ɗaga kai, sai ga roshan ɗin kakata kafe a bango, an mai da shi ado. Roshan shi ne tagar katako mai ƙananan ramuka da ke leƙowa titi a tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar birninmu. Da tabon ƙuna na gane shi, inda kaskon turarenta ya taɓa kifewa.

A cikinsa take jera tulunan ruwa iska ta sanyaya su. Duk Juma'a takan shafe katakon da mai, tana cewa, "Shi ma yana jin ƙishi." A gabana ta kama hannun Kawu ta ɗora a kai: "Kada ka bari ya bar gidan nan." Ya ce, "Halas, shi ke nan, Inna."

Bayan rasuwarta Kawu ya so ya rabu da gidan, amma doka ta hana rushe gidajen Balad, don haka bai rushe ba. Toshe indararo ya yi da gangan, ruwan sama ya riƙa kwanciya har katakan da ke riƙe da bango suka ruɓe. Ashe kafin gidan ya zube, ya cire roshan ya sayar.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Kaka, kamar ruwan tulunanki. Kawu kuwa, har yau bakina ya ƙi sa shi a addu'a.