Kawu Ɗanlami da Gadar da Ba Ta da Matuƙi

Duk wanda ya taɓa yin Juma'a da Kawu Ɗanlami a garin Woodbridge, nan ƙasar waje, ya san wejinsa. Katako biyu ne da ya sassaƙa da hannunsa. Ko a fili shimfiɗaɗɗe ya yi fakin, sai ya ja burkin hannu, ya fito, ya durƙusa ya cusa wa taya weji gaba da baya. Liman na iya tayar da salla, Kawu na waje yana dukan katako da ƙafa. In ka yi dariya ya ce haka ake yi a jirgin fito, kuma bai taɓa jin motar da ta gangara teku da weji a ƙafarta ba. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma ni Allah ya ɗora wa tuƙa shi da idonsa ya yi rauni, don haka na fi kowa shan karatun jirgin nan.

Tun yana saurayi aka tura shi Japan koyon gyaran inji, shi mutumin Daura, wanda babban ruwan da ya sani kududdufi ne. Sai ga shi ɗakinsa a gaɓar teku, wurin aikinsa a wani ɗan tsibiri, kullum sai ya haye a jirgin fito. Ya ce satin farko idonsa a rufe ya yi shi, har wata tsohuwa mai keke ta riƙa ba shi alewa tana zaton ciwo gare shi.

Tarihin jirgin kuwa ya haddace shi kamar na kakanninsa. Wai da kwale-kwale wani gida ya fara fiton, aka zo aka sa inji, daga baya aka yi mai ɗaukar motoci, mai baki gaba da baya, ba ya juyawa. Mota ta shiga ta nan, ta fita ta can. Mai karɓar kuɗi na yawo da jaka a wuya, kuma ba ma'aikacin da zai taɓa abu sai ya nuna shi da yatsa ya faɗi sunansa da ƙarfi. Kawu ya kwaso wannan ma. Kafin in tayar da mota sai na nuna madubi na ce madubi, na nuna burki na ce burki, ni da furfurata, maƙwabta na leƙe.

Abin da ya fi maimaitawa shi ne ranar da hazo ya rufe teku, matuƙin ya fito ya sunkuya wa fasinjoji, ya ce yau ba fito. Kawu ya ce tun daga ranar ya yarda da jirgin, don akwai mai tsoro a madadinsa. Daga nan kuma ƙiyayyarsa da gada ta samo asali. Da ya ji an gina gada zuwa tsibirin, fasinja sun ragu sai tsofaffi da masu keke, kwana biyu bai ci abincin kirki ba.

"Gada ba ta da matuƙi," in ji shi. "Kin taɓa jin gada ta ce yau ba lafiya, a koma gida?"

To, matsalar ita ce Rabi, 'yarsa tilo, tana aure a Fort Washington, can hayin kogin Potomac. Tafiyar da ba ta kai awa ba ta gada, Kawu ya mai da ita yini guda. Akwai wani ɗan jirgin fito can sama da kogin, a ƙauye, mai bin igiyar ƙarfe da aka ja daga gaɓa zuwa gaɓa. Nan muke zuwa mu haye, sannan mu gangaro. Yana shiga zai fara gyara wa ma'aikata aiki, yana tambayarsu ina wejinsu. Wani ya taɓa tambayata ko daga hukuma aka turo shi. Da jirgin nan ya daina aiki, Kawu ya daina zuwa. Rabi ke hayowa, in ta yi ƙorafi ya ce ai ita yarinya ce, ba ta san abin tsoro ba.

Sai ranar wata Talata da hantsi mijin Rabi ya kira ni. Cikinta wata takwas, jininta ya hau, za a shiga da ita tiyata, kuma ba ta kiran kowa sai babanta. Na faɗa wa Kawu ina jiran ya ce a yi addu'a daga nan. Sai kawai ya ɗauki hularsa ya shiga mota.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ga Rabi a gaba, ga tsoho mai ciwon zuciya a gefena, fuskarsa ta yi fari. Muna hawa gadar sai gosulo ya tsayar da mu a tsakiya cak. Duk tirelar da ta wuce a ɗaya hannun sai ka ji ƙasa ta girgiza. Na dube shi na ga zufa na ɗiga daga gemunsa, na ce a raina yau zan kai gawa asibiti maimakon uba.

"Zainabu, waye ke riƙe da wannan abin?"

Na ce Allah. Ya ce ya sani, bayan Shi yake nufi. Sai na ce ni ce matuƙiya yau, kuma na duba, akwai fito. Ya kalle ni, sannan ya ce to in nuna hanya in faɗa. Haka na yi ta nuna gilashi ina cewa hanya, ina kuka, mai motar gefe na kallonmu, har layi ya motsa.

Mun tarar ana tura gadonta a baranda. Ya kama hannunta, ta ce, "Baba, ta ina ka biyo?" Ya ce ta yi shiru, ba a faɗa wa mara lafiya abin tashin hankali.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu 'ya mace. Da yamma na ce Kawu mu koma gida. Ya ce wane gida? Shi ya haye sau ɗaya don dole, wanda ya koma da gangan kuwa ganganci ya yi. Na ɗauka wasa ne. Wallahi ni na yi ta jigilar kayansa daga Woodbridge, har tabarmar salla da butarsa. Shekara biyu ya yi a ɗakin da ke ƙasan gidan Rabi yana renon jika, da ya rasu kuma a hayin nan aka binne shi.

Har yau in na hau gadar sai in tuna tsohon nan da bai ce in juya ba. Gada ɗaya ta rage masa, wadda ba mai kauce mata. Ya Allah, Ka san bawanKa matsoraci ne. Ka riƙe hannunsa a kan siraɗi, Ka haye da shi kafin ya duba ƙasa.