Janar Sammani Mai Gadin Jan Bulo

A gyara zama, a kashe waya, ga Janar Sammani nan, Sarkin Yaƙin kamfanin jan bulo da ke bayan babban kanal ɗin ban-ruwa a hanyar Bunkure! Kamfanin ya mutu tun Sammani na da haƙoran gaba. Masu shi sun kwance injuna sun ƙara gaba, bututun hayaƙi ya zama gidan jemagu, ramin haƙar yumɓu kuwa kwaɗi ne ke wa'azi a ciki. Amma Janar na nan bakin ƙofa kan buhun taki, yana gadin wurin da ko akuya ba ta yi wa kallo biyu.

Da can aikinsa shi ne ƙwanƙwasa bulo da guntun ƙarfe. Wanda ya yi ƙara ƙal, ya gasu, na kamfani ne. Wanda ya ce dum, bai gasu ba, sai a jefa gefe lebura ya kwasa kyauta. Iyakar karatun da ya sauke a duniya ke nan.

Bana da ruwan Agusta ya kwantar da bangon ɗakin matarsa Kubra, ta ce, "Malam, ga bulo can jibge kamar tumatir a kakar Kadawa. Ko ka tayar min da bango, ko in koma wajen ɗana a Madobi."

Gogan naka ya ɗauki ƙarfensa ya shiga tsibin. Wuni ya yi yana ƙwanƙwasa. Duk wanda ya ce ƙal sai ya mayar, wai amana ce. Ya tsince marasa gasuwa zalla, ya loda a baro, ya yi gininsa yana ta hura hanci. Ruwa na gaba da ya sauko, bango ya narke kamar sukari a koko. Kubra ta ɗaure tukwanenta ta tare ɗan acaɓa.

Musbahu mai gyaran injin ban-ruwa ya iske shi tsugune a gefen ƙofar kamfanin yana yayyafa wa ɗan fangalinsa na albasa ruwa.

"Ranka ya daɗe, Baba Janar! Ta katangar baya fa kowa ke kwasar masu kyaun. Murhun mai shayi da su aka yi, magudanar gonar Hananiya da su, kai har dakalin shagona. Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka da bango, yanzu kuma ga shi ba mata. Wai don Allah wa kake yi wa gadin?"

Sammani ko ɗagowa bai yi ba.

"Na ji. Matsa can, kana taka min irin albasa."