Tarkon Mushe Ilu

Duk wanda ya san yayana Mushe Ilu a Belbeji ya san yatsan nan a baki: "Shiit! Za ku firgita shi!"

Wa za a firgita? To, 'yarsa Hadiza ce ta jawo mana. Tana karatun kimiyya a Turai, ta ce masa a waya akwai wani abu da ya cika sararin Allah, ba a ganinsa, yana ratsa bango da mutum. Masana na ɗana masa tarko a ƙarƙashin dutse, cikin sanyi da shiru, wai mara nauyinsa in ya taɓa ƙanƙarar tarkon sai ta ɗan girgiza.

Yaya ya yi shekara talatin yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, shi ya sa ake kiransa Mushe, wato malam, ya ce ba zai mutu bai kama ba. Ya ɗauke randata, ya sa kantun gishiri a ciki, ya ɗaura masa ƙararrawar akuya.

Na ce, "Yaya, ruwan sha fa?"

"Ke Rabi, duniya na jiran labari, kina zancen ruwa!"

Ya hana daka a gidan. Ni da turmi sai maƙwabta!

Ran nan da hantsi ƙararrawa ta kaɗa. Wayyo, tsoho da gudu, takalmi ɗaya! Ya tarar da akuyata ta tura kai tana lasar kimiyya. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Wannan mai nauyi ce. Ba ita muke nema ba." Washegari randa ta koma cikin busasshiyar rijiyarmu.

Da Hadiza ta ce su ma, da injinansu, har yau ba su kama komai ba, sai ya fito ƙofar gida yana taka rawa: "Jama'a, kunnen doki muke da Turawa!"

Da yake na yi karatun yaƙi da jahilci, ni ya ba kaye, littafin rubutu. Kullum in leƙa rijiya, in rubuta "babu". Har lokacin da yake kwance ba ya iya tashi, sai ya ce, "An duba?"

"Babu, Yaya."

"Rubuta. Babu ma sani ne."

Randata na can har yau, na kasa cirowa. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sanyaya makwancinka, ya nuna maka abin da ido bai gani ba. Amin.